Mai Kifin Ado Ruwa Yake Kiwo

Kusan duk dabbar da Bahaushe ya kawo gida ya raɗa wa mazauninta suna. Kaji suna da akurki, doki yana da barga, akuya tana da turke, ƙudan zuma suna da amya, aku da kanari kuma keji ne nasu. Kifi ne bai samu ba. Kalmomin da harshen ya tanada game da shi, irin su koma da taru da homa da fatsa, duk na raba shi da ruwa ne. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, gasa ce ta wanda ya fi fito da babba. Ko kiwon tarwaɗa da ya yaɗu a bayan gidaje, ƙarshensa tukunya ce ko wurin banda. Saboda haka mutumin da ya ƙuduri aniyar ajiye kifi a falo don kallo kawai ya shiga gonar da magabata ba su share masa ba. Babu sunan abin da zai saya, babu karin maganar da za ta gargaɗe shi, babu tsohuwar da za ta ce masa ga yadda ake yi.

Cikin wannan hali wani malamin lissafi na wata sakandare a Kano ya tsinci kansa. 'Yarsa ta fari, mai shekara tara, tana da ciwon sikila. Idan ciwon ya motsa, musamman da hunturu, takan yi mako guda ko fiye a kwance a falo, ƙannenta suna makaranta, babu abin da ke motsi a gabanta sai labule. A ɗakin jiran likita ta fara ganin kifaye cikin gilashi, kuma iyayenta sun lura a nan ne kaɗai take manta allurar da ke jiranta. Da ta roƙi a saya mata irinsa, uban ya amsa tun bai san nauyin abin da ya ɗauka ba. Daga baya ne wani tunani ya hana shi sakat. Yarinyar ta riga ta san asibiti fiye da sa'o'inta, kuma ba ya son kyautar da zai ba ta ta zama wurin da za ta riƙa wayar gari tana tsamo gawa.

Wata Asabar suka je shagon da ake sayar da tsuntsaye da kifayen ado. Abin da mai shagon ya fara miƙo musu shi ne wata kwalba mai kama da tulu, wadda ba ta wuce lita 4 ba, da jajayen kifaye biyu a ciki.

"Malam, wannan ake saya wa yara," in ji shi. "Ba ruwanka da wuta, ba ruwanka da inji. Ka zuba ruwa, ka watsa abinci, shi ke nan."

"Abba, wannan nake so," in ji yarinyar, idonta a kan kwalbar.

Malamin ya tambayi kwana nawa kifayen suke yi a ciki. Mai shagon ya yi murmushi, ya ce rai a hannun Allah yake, kuma in sun mutu akwai wasu, ai masu saye kullum suna dawowa. Ya faɗi haka ne don ya kwantar wa mai ciniki da hankali, amma maganar ce ta sa malamin ya mayar da kuɗinsa aljihu. Ya ce wa 'yarsa alkawari yana nan, sai dai ta ba shi lokaci ya yi lissafi.

Abin da ya fara ganowa shi ne tarwaɗa ta yaudari idon mutanen ƙasar nan. Duk wanda ya tashi yana ganinta a kasuwa, goma ko ashirin a baho guda, cikin ruwan da bai rufe bayansu ba, suna yini da rai, zai zaci haka kifi yake. Alhali tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita. Gaiwa ma, wadda Bahaushe ya ce jikinta take ci idan ruwa ya janye, huhu gare ta, shi ya sa take iya kwanciya cikin busasshen taɓo har damina ta dawo. Waɗannan biyu 'yan tsiraru ne a cikin kifaye. Mafi yawansu ba su da abin shaƙa sai iskar oksijin da ta narke cikin ruwa, kuma ba ta da yawa. Lita guda ta ruwa mai zafin digiri 20 ba ta riƙe fiye da kimanin miligiram 9, idan kuwa zafin ya kai digiri 30 sai ta sauka zuwa kusan 7.5. Ta fuskar ruwan iskar take shiga, saboda haka kwalba mai ƙaramin baki tamkar ɗaki ne mai 'yar taga guda.

Abu na biyu ya fi na farko ɓuya, domin ido ba ya ganinsa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa, ragowar abinci da kashinsa kuma suna ƙara wani idan sun ruɓe. A kogi ruwa yana tafiya da shi. A cikin gilashi babu inda zai je, ga shi kuma guba ne ko da ɗan kaɗan ne. Abin da ke ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu zama a jikin tsakuwa da soson tace ruwa. Kashi ɗaya suna mayar da amoniya ta zama naitirayit, wanda shi ma guba ne, wani kashin kuma ya mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har lokacin da za a rage shi ta hanyar canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba sa zuwa tare da sabon tanki. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita, kuma cikin waɗannan makonni ne kifin sabon shiga ya fi mutuwa, ruwan yana garau kamar na sha.

A nan sana'ar malamin ta yi masa rana. Idan kifi biyu suka zuba ƙazanta daidai wa daida a lita 4 da kuma lita 50, gubar da ke cikin ƙaramin ta ninka ta babban fiye da sau goma sha biyu. Haka zafi da sanyi: kofin shayi yana hucewa kafin tukunya. Ke nan abin da ake miƙa wa sabon shiga da sunan sauƙi shi ne mafi wuyar riƙo, domin ƙaramin ruwa ba ya yafe kuskure. Yaro ya zuba abinci ya yi yawa, ko a manta canjin ruwa kwana uku, magana ta ƙare. Babban ruwa kuwa yana ba mutum sararin ya gane ya gyara.

Jan kifin da ke cikin kwalbar, wanda ake kira kifin zinariya, ba don kwalba aka samar da shi ba. A ƙasar Sin aka fara kiwonsa, a tafkunan gidaje da na wuraren ibada, tun zamanin daular Song da ta yi mulki daga 960 zuwa 1279. Da aka shigo da shi ɗaki a zamanin daular Ming, cikin manyan kwatarnin tangaran masu faɗin baki aka zuba shi, ana leƙensa daga sama. Yakan wuce santimita 20, yakan kuma haura shekara goma idan ya sami kulawa, ga ci ga yawan ƙazanta, ga son ruwa mai ɗan sanyi. Tankin gilashi mai kusurwa huɗu kuwa a Ingila ya bunƙasa, bayan an soke harajin gilashi a 1845. A 1850 wani masanin sinadarai mai suna Robert Warington ya bayyana gwajin da ya yi da ƙananan kifayen zinariya biyu da tsiron ruwa da dodon koɗi a cikin mazubi mai ɗaukar kimanin galan 12, wato sama da lita 50, inda ya nuna tsiro yana ba kifi iska, dodon koɗi kuma yana share ruɓaɓɓen ganye. Gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifaye a 1853, sannan littafin Philip Henry Gosse na 1854 ya yaɗa kalmar akwariyam. Tun daga tushe, abin da waɗannan mutane suke ƙoƙarin rayarwa shi ne ruwan, kifin ya biyo baya.

Sai dai mafi yawan littattafai da bidiyon da ke koyar da wannan sha'awa an yi su ne don gidajen da wuta ba ta ɗaukewa. Uwargidan malamin ce ta dawo da shi ƙasa, wani dare da ta same shi yana zane a takarda.

"Malam, kafin ka kai ga kifin, amsa mini uku. In an ɗauke wuta kwana biyu, me za su shaƙa? Ruwan da muke saye da jarka, wa zai riƙa zubar da shi duk mako? Kuma fiya-fiyar da muke fesawa da magariba fa?" Ta ƙara da cewa abin da aka kulle haƙƙinsa yana wuyan wanda ya kulle shi, kuma kowa ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa.

Tambayoyin nan uku su suka zaɓi tankin. Game da wuta, ya bar na'urorin tacewa masu mota, waɗanda ruwan cikinsu ke lalacewa idan sun daɗe a tsaye, ya ɗauki matatar soso wadda ɗan injin hura iska ke tafiyar da ita. Injin ba ya cin fiye da 'yan wat kaɗan, kuma akwai mai batir a ciki, wanda ke ci gaba da aiki da kansa idan wuta ta tafi. Sosan yana zaune ne cikin ruwan tankin, saboda haka ko injin ya tsaya na wasu sa'o'i ƙwayoyin da ke jikinsa ba sa mutuwa nan take. Wannan dalili ne kuma ya sa ya ƙi dogon tanki mai kama da hasumiya, duk da kyansa, ya nemi mai faɗi, domin ranar da babu inji faɗin fuskar ruwan ne kaɗai abin dogaro.

Game da ruwa, ya tsaya a kan tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Idan aka ninka ukun aka raba da 1000, lita 54 ke nan, jarka biyu masu lita 25 da ɗan ɗori. Canjin rubu'insa duk mako bai wuce rabin jarka da kaɗan ba, abin da gidan zai iya ɗauka ko a watan da albashi ya yi jinkiri. Wanda ya fi shi girma ya fi kwanciyar hankali, amma tankin da ba a iya canza wa ruwa girmansa ba ya amfana masa komai. Ruwan famfo, ranar da ya zo, yana ɗauke da kulorin, wanda ke ƙone gaɓoɓin numfashin kifi ya kuma kashe ƙwayoyin soso, sai an ɗiga masa maganin da ke kashe kaifinsa ko an bar shi ya kwana ya yini a buɗaɗɗen bokiti. Ruwan burtsatse ba shi da wannan matsala, sai dai yakan fito da ƙarancin iska, kuma na kowace unguwa da irin gishirin ƙasarsa. Ya yanke shawarar tsayawa a kan mai garuwa ɗaya da burtsatse ɗaya, ya kuma ware bokitin da sabulu ba zai taɓa shiga ba.

Tambaya ta uku ta fi ba shi tsoro da ya bincika. Magungunan sauro na feshi, da fiya-fiya, da na kunnawa, guba ce mai ƙarfi ga kifi, injin hura iska kuwa iskar ɗakin yake ɗiba ya tura cikin ruwa. Mafitar ita ce murfin gilashi, da kashe injin a lulluɓe tankin duk lokacin da za a yi feshi a kusa, sannan falon ya koma dogaro da ragar taga. Murfin ya zo da wasu amfanoni: yana tare ƙurar hunturu, yana rage ƙafewar ruwa, yana kuma tsare hannun ƙannen yarinyar.

Saura yanayin garin. Yawancin ƙananan kifayen ado suna son zafi tsakanin digiri 24 da 28. A Kano zafin Afrilu yakan kusanci 40, wani lokaci ya haura, yayin da daren Disamba da Janairu kan sauka ƙasa da 15. Don haka ya nesanta tankin da tagar da rana ke bugawa, ya sayi ma'aunin zafi da ƙaramar hita mai wat 50 saboda hunturu, da niyyar rufa masa bargo a daren da babu wuta. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, saboda haka da gilashi da tsakuwa nauyin ya doshi kilo 70, fiye da buhun siminti. Teburin falon ba zai ɗauka ba. Ya je wurin mai walda ya ba da awon ƙafafun ƙarfe, kuma tsayin da ya bayar bai yi daidai da na littafi ba. Ya auna ne daga ƙasa zuwa inda idon yarinyar yake idan tana kwance a doguwar kujera.

Aka kawo tanki, aka wanke tsakuwa, aka dasa 'yan tsirrai, aka kunna inji. Sannan aka shiga abin da ya fi komai wuya, wato jira. Mako biyar gilashin yana falo babu kifi ko ɗaya. Kullum yarinyar takan jefa ɗan ƙwayar abinci ya ruɓe don ƙwayoyin soso su sami abin ci, uban kuma yana gwada ruwan da kayan awon da ya aro wurin wani abokinsa mai kiwon tarwaɗa. Ya ba ta littafi ta riƙa rubuta zafin ruwan safe da yamma da launin da gwajin ya nuna. Baƙi suna shigowa su leƙa, su nemi kifin su rasa, su dubi maigidan.

Cikin baƙin har da kawunsa, wani dattijo Basarke daga Yawuri da ya zo biki. Ya daɗe yana kallon kumfar da ke tashi, sannan ya fashe da dariya.

"Kai yaro, ruwa ka zuba a madubi kana gadi?"

Malamin ya nuna masa hotunan kifayen da ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka. Dattijon ya riƙa kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ga gartsa, ga ƙurungu, ga talibambam, yana mamakin yadda abin da yake zubarwa a kwando ya zama kayan ado a wata ƙasa. Akwai ma wani ɗan kifi mai jan ciki da ake kira kiribensis, ɗan asalin kudancin Nijeriya da gaɓar Kamaru, wanda masu wannan sha'awa a duniya suka fi 'yan ƙasar saninsa. Sai dai babu wanda ya dace da lita 54 a hannun sabon shiga. Gartsa takan kai santimita 30 ta haɗiye ƙanana, talibambam ya fi ta girma ga cizo, kiribensis kuma yakan zama mafaɗaci idan ya yi ƙwai. Da malamin ya bayyana masa dalilin jiran, dattijon ya daina dariya. Ya ce su ma sun san haka: idan ka ga kifi ya ɗago da asuba a tsakiyar bazara yana haɗiyar iska, ba kifin ne ba shi da lafiya ba, ruwan ne ya mutu. Abin da masunci ya sani da ido shi ne abin da ɗan'uwansa yake aunawa da kwalba.

Jan kifin kwalbar dai bai shigo gidan ba. Uban ya ɗora rula a jikin gilashin ya nuna wa 'yarsa santimita 20 a cikin faɗin 30, ya tambaye ta ta yaya zai juya. Ta yi shiru, sannan ta ce to a samo mata ƙanana, amma masu jan wutsiya. Aka tsaya a kan gupi, ɗan kifin da asalinsa arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne da tsibiran da ke kusa, wanda ya sami sunansa daga Robert Lechmere Guppy, mutumin da ya aika da samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan aka bayyana shi a 1866. An baza shi a ƙasashe da dama don ya cinye tsutsar sauro, kuma yana jure zafi da canjin yanayi fiye da yawancin takwarorinsa. Macensa haihuwa take yi kusan duk wata, don haka maza shida aka ɗauko, uku a mako na shida, uku bayan mako biyu, gudun kada ƙazantarsu ta fi ƙarfin sosan.

Sun ƙetare hunturu lafiya. A tsakiyar Afrilu, bayan kwana biyu babu wuta kuma batirin injin ya ƙare cikin dare, aka wayi gari ɗaya yana kwance a kan tsakuwa. Abin da uban ya yi watanni yana gudu ya zo, kuma yarinyar ce ta fara gani. Ta kira shi, ta nuna masa ma'aunin zafi yana kan 32, ta buɗe littafinta ta rubuta. Sannan ta ce, "Abba, a ɗebo ruwan bokitin, sauran biyar ɗin suna sama." Suka canza rubu'in ruwan, suka buɗe murfin, tana yi wa fuskar ruwan fifita da mafici har wuta ta dawo. Ta yi kuka daga baya, da la'asar, lokacin da ƙannenta suka binne shi a gindin zogale. Amma ta san dalilin mutuwarsa, ta kuma san abin da hannunta ya yi wa sauran. Da kwalbar nan aka saya mata, amsar mai shago kaɗai za a iya ba ta.

Bahaushe yana yi wa mai ƙarancin sanin duniya ba'a da kifin rijiya, amma karin maganar bai ce komai ba game da wanda ya jefa kifin a rijiyar. Wanda ya ajiye tanki a ɗakinsa shi ne wannan mutum: shi ne ruwan sama, shi ne igiyar kogi, shi ne iskar asuba. Abin da ya kamata ya auna kafin ya je shago shi ne wutar unguwarsu, da jarkar da yake iya saye, da abin da ake fesawa a ɗakin, da haƙurin mutanen gidan.

Maganar suna kuwa har yanzu ba ta zauna ba. Mai shago yana cewa akwariyam. Malamin yana cewa tanki, kalmar da ke kai hankali ga rufin gida ko gonar tarwaɗa. Uwargida tana cewa gilashin kifi. Ƙannen yarinyar, waɗanda ba su nemi shawarar kowa ba, tafkin Yaya suke kiransa. Mai nazarin harshe zai iya lura cewa a cikin sunayen huɗu na yaran ne ya fi kusa da gaskiyar abin, domin Bahaushe ya san tafki yana cika yana ƙafewa, yana rayuwa yana mutuwa, kuma sai ya zauna da kyau kifi ke samuwa a cikinsa.